Yadda Ake Kauce wa Asara a Kwangilar Gini a Ƙasar Waje

Duk lokacin da matashin ɗan kwangila ya zo mini da albishir cewa an ba shi aikin gina rukunin shaguna a Maraɗi, ko sito a Njamena, ko masaukin baƙi a Kumasi, abin da yake fara nuna mini shi ne lissafin riba. Ya ɗauki kuɗin kwangilar a sefa ya juya su naira, zuciyarsa ta yi fari. Ni kuwa tambaya ɗaya nake yi masa: in aka rufe iyaka wata uku, injinanka suna can, simintinka yana nan, wa zai ɗauki asarar? Mafi yawansu shiru suke yi.

Na daɗe ina wannan sana'a a ƙetaren iyaka. Siminti da rodi ba su taɓa karya ni ba, don aikinsu ɗaya ne ko'ina. Abin da ke karya ɗan kwangila a waje shi ne takardar da ya sa wa hannu bai fahimce ta ba, da kuɗin da ke narkewa a hannunsa, da dokar da bai san da ita ba. Duk haɗarin da ba a rubuta sunan mai ɗaukarsa a takarda ba, a kanka zai sauka, domin kai ne baƙo.

Abin da za ka tanada

- Littafin haɗari. Babban littafi mai layi ya isa, ko shafin lissafi a kwamfuta. Ka raba shi gida shida: haɗarin, yiwuwar faruwarsa, girman ɓarnarsa, wanda zai ɗauka, matakin kariya, da kuɗin da ka ware masa.
- Littafin wurin aiki, wanda ake cikewa kullum, da waya mai ɗaukar hoto da kwanan wata.
- Lauya ɗan ƙasar, wanda kai ka nemo shi kuma kai kake biyansa. Kada ka karɓi lauyan da mai aikin ya haɗa ka da shi.
- Akanta da ya san harajin ƙasar.
- Tafinta wanda ya san harshen gini. In babu, ka ɗauki ƙaramin injiniya ɗan ƙasar ko da na wata uku ne. Malamin Faransanci zai fassara maka gaisuwa, amma zanen rodi sai mai sana'a.
- Dillalin kwastan mai lasisi a ɓangarori biyu na iyaka.
- Bankin da ke da reshe ko abokin hulɗa a ƙasar, wanda zai iya ba ka takardar lamuni.
- Kwafin tsarin kwangila na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi ta duniya da ke Janiba. Jan littafinsu na aikin da mai gini ya kawo zanensa ne, rawaya na aikin da kai za ka zana ka gina.

1. Je ka taka wurin kafin ka sa farashi

Kada ka sa farashi daga Kano ta waya. Ka je ka yi mako guda aƙalla. Ka shiga kasuwar kayan gini ka tambayi kuɗin buhun siminti, da tan na rodi, da tifar yashi da ta tsakuwa, ka tambayi nisan inda ake ɗebo su. Ka ga inda ruwa yake, ka ji sau nawa ake ɗauke wuta. Ka zauna da tsofaffin unguwar ka tambaye su inda ruwa yake tsayawa da damina, za su nuna maka alamarsa a jikin katanga. Njamena ta sha ambaliyar kogin Shari da Logon a 2022, Yamai kuma ta sha tata a 2020. Wanda ya je da rani kawai ba zai ga wannan ba sai ya tambaya.

2. Binciki mai aikin da filinsa

Tambayi daga ina kuɗin aikin za su fito. In bashin banki ne, ka ga takardar amincewar bankin da idonka. In daga cinikinsa zai riƙa biya, ka sani cewa ranar da kasuwarsa ta tsaya aikinka ya tsaya. Nemi 'yan kwangilar da suka yi masa aiki a baya, ka ji yadda suka rabu.

Fili kuwa, a ƙasashen renon Faransa takardar da ta fi ƙarfi ita ce wadda suke kira titre foncier. Takardar sayarwa ta mai unguwa ko ta magada ba ta kai ta ba. Lauyanka ya je ofishin filaye da kansa ya tabbatar sunan wa ke kan filin, kuma ba a jinginar da shi ba. A Gana filaye da yawa na masarautu ne da na dangi, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana ba wanda ba ɗan ƙasa ba hayar fili fiye da shekara 50 a lokaci guda. In mai aikinka ɗan Najeriya ne da ke zuba jari a can, ka duba wannan. Izinin gini kuma alhakin mai aiki ne, a rubuta haka, kuma kwanakin aikinka su fara ƙirguwa daga ranar da ya miƙa maka fili da izini tare.

3. A gwada ƙasa

Wannan ba wurin tsimi ba ne. Daga Kusiri ta Kamaru zuwa Njamena da kewayen tafkin Chadi akwai baƙin yumɓu irin na Borno, wanda ke kumbura da damina ya tsattsage da rani, yana ɗaga harsashin gini ya sauke shi har bango ya dare. Harsashin da ka saba yi a jan ƙasar Kano ba zai zauna a nan ba. A Nijar akwai ɗakin gwaji na gwamnati, LNTPB, a Kamaru akwai Labogénie. In mai aiki ya ƙi biyan kuɗin gwaji, ka biya daga aljihunka. In lokaci ya ƙure ba a samu yi ba, to kada ka sa wa harsashi farashi dunƙule. Ka rubuta cewa za a auna abin da aka haƙa da abin da aka zuba, a biya bisa kowace mita.

4. Rajista, haraji da abokin tarayya

Nijar, Chadi, Kamaru, Benin da Togo suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta OHADA. A nan sai ka yi rajistar kamfani ko reshe a kundin 'yan kasuwa da ake kira RCCM, ka karɓi lambar haraji. Najeriya da Gana ba sa ciki, tsarinsu na Ingila ne. Gana kuma, a dokar zuba jari ta 2013, ta gindaya wa baƙo jarin dala 200,000 in zai haɗa gwiwa da ɗan ƙasa, da dala 500,000 in shi kaɗai ne. Lauyanka ya duba maka matsayin dokar a ranar da za ka shiga.

Harajin kaya da ayyuka a gida kashi 7.5 ne cikin ɗari. A Nijar 19 ne, a Kamaru 19.25. Na ga wanda ya sa farashi da lissafin gida, bai rubuta ko da haraji ne ko babu ba, ribarsa duka ta tafi a wannan layi ɗaya. Ka rubuta farashinka gida biyu, kafin haraji da bayan haraji. Ka tambayi akanta nawa mai aiki zai riƙa yankewa daga kowane biya ya kai wa hukuma, kuma ka karɓi rasidin kowane yanka.

Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, amma a rubuta tarayyar: wa ke sa hannu a asusun banki, kashi nawa kowa yake da shi, yaya za a rabu in an saɓa. Mu Hausawa muna jin nauyin neman takarda daga wanda muka ci abinci a gidansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Rubutu kare zumunci yake yi.

5. Cika littafin haɗari, ka sa wa kowanne kuɗi

Zauna da injiniyanka da akanta ku jera duk abin da zai iya lalacewa. Kowanne ku ba shi maki daga 1 zuwa 5 na yiwuwa, da 1 zuwa 5 na ɓarna, ku ninka. Abin da ya kai 15 ba a sa hannu a kwangila sai an san makomarsa: ko a mayar da shi kan mai aiki, ko a yi masa inshora, ko a sa kuɗinsa a farashi, ko a haƙura da aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora kashi goma na ko-ta-kwana a ƙarshen lissafi ba tare da sanin me yake karewa ba. Irin wannan kuɗi kafin a kai linta an cinye shi.

6. Takardar kwangila

A nan ake cin riba ko a faɗi, don haka kada ka yi gaggawa ko da mai aiki yana cewa ku fara kawai a gyara takarda daga baya.

In takardar da harsuna biyu ce, a faɗi wanne ne ke da rinjaye idan sun saɓa. A faɗi dokar ƙasar da za a bi. A faɗi inda za a kai ƙara. Ni ban yarda in tsaya da mai aiki a kotun garinsu ba in akwai mafita. Sasanci na fi so, a ƙasa ta uku. Ƙasashen OHADA suna da kotun bai-ɗaya a Abijan wadda ke kula da sasanci. Akwai kuma yarjejeniyar New York ta 1958 da ke sa a zartar da hukuncin masu sasanci a ƙetaren iyaka. Najeriya, Gana, Nijar da Kamaru duk suna ciki. In aikin ƙarami ne da bai kai a je Abijan ba, ku amince tun farko da injiniya ɗaya mai mutunci wanda zai riƙa yanke saɓani cikin kwanaki ƙayyadaddu, aiki yana tafiya.

Kuɗin kafin alƙalami: ka nemi abin da zai ɗauki nauyin kai injina da sayen kayan farko. Mai aiki zai nemi takardar lamuni daga bankinka a madadinsa, wannan haƙƙinsa ne, amma a rubuta cewa lamunin yana raguwa gwargwadon yadda ake cire kuɗin daga biyanka. Lamunin kammala aiki yawanci kashi 10 ne. Ka karanta shi da kyau, domin akwai irin wanda mai aiki zai iya zuwa banki ya karɓe kuɗin da wasiƙa ɗaya ba tare da hujja ba. Ka sa masa ranar ƙarewa.

Tarar jinkiri a sa mata iyaka, kada ta wuce kashi 10 na kuɗin aikin. Kai ma ka sa naka sharaɗin: in biya ya yi jinkiri kwana kaza, kana da ikon sassauta aiki, in ya ƙara kwana kaza ka dakata, kuma kuɗin zaman injina da ma'aikata a kansa yake.

Sai sashen abin da ya fi ƙarfin kowa. Kada ka yarda da jimla ɗaya mai faɗi. A ambaci juyin mulki, da rufe iyaka, da takunkumi, da hana fitar da kuɗi, kowanne da sunansa. Waɗanda suke aiki a Nijar sun ga wannan da idonsu. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris. Gadar da ke tsakanin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Wanda takardarsa ta ba shi ƙarin lokaci da kuɗin zama ya tsira da jarinsa. Wanda tasa ba ta ce komai ba, tarar jinkiri ce ta riƙa hawa kansa alhali ba laifinsa ba ne. Kafin wannan ma, Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

7. Kuɗi

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a biya ka da kuɗin da za ka kashe. Raba lissafinka gida uku. Abin da za ka saya a ƙasar, kamar yashi da lebura, da kuɗin ƙasar. Abin da za ka shigo da shi daga Turkiyya ko Sin ko Dubai, da dala ko yuro. Abin da za ka kawo daga gida, da naira. Sai ka nemi a biya ka bisa wannan kaso.

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka ba ta yawan rawa. Sai dai sefa biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo daban, babban bankinta yana Dakar. Ta Chadi da Kamaru daban, nata yana Yawunde. Darajarsu ɗaya, amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan. Babban bankin Yawunde kuma ya tsaurara dokar fitar da kuɗi tun 2019, sai ka nuna takardun kwangila da na haraji kafin a tura maka ribarka waje. Ka fara haɗa waɗannan takardu tun ranar farko.

Sidi, kuɗin Gana, ta yi asarar fiye da rabin darajarta daga Janairu zuwa Nuwamba 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamban shekarar. Naira ma daga wajen 460 a dala kafin tsakiyar Yuni 2023 ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Aikin da zai wuce wata shida, kada ka karɓe shi a farashi tsayayye. A rubuta farashin siminti da rodi da gas na ranar sa hannu, a ce in ɗaya ya motsa fiye da kashi kaza za a daidaita. In mai aiki ya ƙi, ka nemi ƙarin kafin alƙalami ka sayi rodi da tayil da wayoyin wuta gaba ɗaya ka ajiye. Siminti kam ba ya jure dogon ajiya, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa.

Kada ka bari aikin da ka yi ya wuce kuɗin da ka karɓa da fiye da biyan wata ɗaya. Kuma kada ka ɗauko kuɗin wannan aiki ka toshe ramin wani aiki a gida.

8. Inshora

Kana buƙatar inshorar aikin kansa da injina, da ta mutanen waje da aikin zai iya cutarwa, da ta kaya a hanya. A ƙasashen sefa da ke bin dokar inshora ta CIMA, abin da ke cikin ƙasa sai kamfanin da ke da lasisi a ƙasar zai yi masa inshora, don haka takardarka ta Legas ba za ta wadatar ba. Inshorar gini ta yau da kullum ba ta ɗaukar yaƙi da juyin mulki. Wannan sai wurin masu inshorar haɗarin siyasa, irin su ATIDI da ke Nairobi, ko ICIEC ta Bankin Musulunci da ke Jidda ga mai son tsarin da ya dace da shari'a. Ƙaramin aiki ba zai iya kuɗinsu ba. A nan kariyarka ita ce ka rage abin da ka kai ƙasar, ka yi hayar manyan injina a can.

9. Kaya da iyaka

Injin da za ka dawo da shi, a shigar da shi da takardar shiga ta wucin gadi, ka rubuta ranar ƙarewarta a bangon ofis. In ta wuce, duwan, wato kwastan ɗin can, za su caje ka kamar ka shigo da shi sayarwa, har da tara. Kowane kaya mai muhimmanci ka san hanyarsa ta biyu. Kayan Njamena daga Duwala suna bin jirgin ƙasa zuwa Gaundere, sannan tirela zuwa Kusiri, tafiyar makonni ce. Abin da ke ɗaukar lokaci, kamar lif da taransifoma da ƙarfen rufi, ka yi odarsa a watan farko.

In jami'i ya nemi na goro, ka nemi rasidi. Banda haramcinsa, wanda ya bayar sau ɗaya ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa, kuma a ayyukan Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka ana sa sunan kamfani a jerin waɗanda aka haramta wa kwangila.

10. Ma'aikata da ma'auni

Ka kawo helma da ƙwararru kaɗan, sauran ka ɗauka a gari. Shiga ƙasa ba biza daban, izinin aiki daban. Ka yi wa kowa rajista a asusun ma'aikata, CNSS a Nijar, CNPS a Chadi da Kamaru, SSNIT a Gana. Ranar da lebura ya faɗo daga kan gini, wannan takarda ce tsakaninka da ɗauri. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare ka san motar da za ta kwashe mutanenka da hanyar da za ta bi, mai a cike, fasfo ɗin kowa a hannunsa.

Ma'auni kuwa ya taɓa cin kuɗina. A aikina na farko a ƙasar renon Faransa, takarda ta ce ƙarfin kankare 25. Muka haɗa yadda muka saba, muka zuba ginshiƙai goma sha huɗu na ƙasa. Da mai duba aiki ya zo, sai ya fito da wasu gwangwanaye dogaye, faɗin santimita 16, tsawon 32, ya ɗebi kankaren a ciki. Mu ɗan akwati mai kusurwa huɗu muka sani. Bayan kwana 28 sakamako ya fito ƙasa da 25. A ranar na fahimci cewa kankare ɗaya yana ba da lamba ƙarama a dogon gwangwani, 25 ɗinsu kusan 30 ɗinmu ce. Sai da aka huda ginshiƙan aka ɗebi samfuri, aka ƙara wa shida kauri, mako uku suka tafi. Tun daga nan nake tambaya kafin buhu ɗaya ya fashe: da wane ma'auni za a gwada? Haka bulo, namu inci 9 da inci 6, nasu santimita 20 da 15. Rodin da muke cewa Y12 su HA12 suke rubutawa, kuma ka duba ƙarfinsa a takardar masana'anta. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, ka zuba kankare da asuba ko da dare, ka lulluɓe shi da buhunan algarara masu jiƙa, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai.

11. Rubuta kullum, ka sanar a kan lokaci

Kowace yamma helma ya rubuta adadin ma'aikata, kayan da suka shigo, ruwan sama, umarnin da aka bayar, injiniyan mai aiki ya sa hannu. In mai aiki ya tsaya a wurin ya ce a ƙara shago biyu ta baya, ka ce to Alhaji, sannan a daren ka aika masa wasiƙa da farashi da ƙarin kwanaki, kada a ɗora bulo sai ya sa hannu. A tsarin FIDIC kwana 28 kake da su ka sanar da duk abin da zai jawo ƙarin lokaci ko kuɗi, daga ranar da ka sani ko ya kamata ka sani. In suka wuce, haƙƙinka ya faɗi ko da gaskiya tana hannunka. Saƙon WhatsApp ba sanarwa ba ne sai in takardar kwangila ta ce haka. Littafin haɗari kuma a buɗe shi kowane mako biyu, a soke abin da ya wuce, a ƙara sabo.

12. Miƙa aiki da fitowa

A ƙasashen renon Faransa karɓar aiki sau biyu ce: ta wucin gadi ranar da ka gama, da ta ƙarshe, yawanci bayan shekara guda, lokacin da ake sakin kuɗin da aka riƙe maka. Ka nemi a karɓi takardar lamunin banki a maimakon riƙe tsabar kuɗin. Dokarsu kuma ta ɗora wa magini alhakin ƙarfin gini har shekara 10, don haka ka tambayi kuɗin inshorar wannan tun kana sa farashi. Kafin ka kwashe kayanka, ka karɓi takardar shaidar biyan haraji da ta asusun ma'aikata, ka sallami kowane lebura da sa hannunsa, ka fitar da injina kafin wa'adin kwastan, ka karɓo asalin takardun lamuni ka mayar wa bankinka don ya saki abin da ka jinginar. Zanen yadda aka gina, da sakamakon gwajin ƙasa da na kankare, da littattafan wurin aiki, ka yi musu kwafi biyu, ɗaya wurin lauyanka na can, ɗaya a gida, su zauna har shekara goman ta cika.